Kason Hanya

Mutumin da ya ce zai tarye ni a filin jirgi bai zo ba. Ɗan ƙasarmu ne, wani abokin yayana Sani ya haɗa mu da shi ta waya tun ina gida. Ya ce in kwantar da hankalina, ya riga ya kama mini ɗaki kusa da jami'a, har ya aiko da hoton tagar ɗakin, da labule mai furanni. Muka aika masa da abin da ya nema. Na zauna a kan akwatina ina kiran lambarsa, tana ta ƙara ba a ɗauka, har masu sharar filin jirgin suka tashi wasu suka kama aiki. Daga baya na nemi adireshin da ya ba ni, na tarar wurin wankin mota ne. Na daɗe ina tunanin labulen nan. Na wani ne a wani gari, wataƙila har yanzu yana rataye, mai shi bai san an sayar mini da shi ba.

Sunana Rukayya, amma a gidanmu a Kajiji Uwale ake ce mini, don sunan mahaifiyar Baba na ci. Na zo arewacin jihar Michigan ne karatun ƙasar noma, wato sanin abin da ke sa ƙasa ta gaji da abin da ke maido mata da ƙarfi. A ƙarshe na sami ɗaki a ƙarƙashin wani gida, taga ɗaya ce a can sama daidai da ƙasa, ba abin da nake gani ta cikinta sai takalman masu wucewa. Na san maƙwabtana ta takalmansu tun kafin in san fuskokinsu. Wasu ma har na bar gidan takalman kawai na sani.

Na sami aiki a ɗakin girkin jami'a, ina yanka albasa da wanke tukwane. Albasarsu manya ce, farare, ba ta sa hawaye sosai. Nakan tuna da ta fadamarmu, ja, mai yaji, wadda ake lodawa a kasuwar Bodinga kana jin ƙamshinta tun daga bakin titi. A nan na haɗu da Linda, shugabar masu girki, dattijuwa mai faɗin kafaɗa da gajeren gashi fari. Ita ta fara lura ba na cin nama.

"Ruki, ke ba ki cin nama ne, ko namanmu ne ba ki so?"

Na yi mata bayanin yanka, na ce garin da ake sayar da irin wanda nake ci yana da nisa, ni kuwa ba ni da mota. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Shi ya sa kika zama kamar tsintsiya." Washegari ta kawo mini dafaffen ƙwai a aljihun rigarta, har da ɗuminsa.

Babana maharbi ne. Manomi ne kamar kowa, amma ba wanda ya san shi da wani suna sai Mamman Maharbi. Ba ya riƙe bindiga, ya ce tana tsorata daji duka saboda dabba ɗaya. Baka da kwari ne nasa, da burtu, wato kan tsuntsun nan da maharba ke ɗaurawa a goshi suna rarrafe don dabba ta zaci tsuntsu ne ke kiwo. Ina ƙarama yakan ɗaura shi ya bi mu a tsakar gida muna ihu muna ɓuya bayan rumbu. Kafin in girma dajin ya ƙare. Gonaki suka cinye rabi, masu gawayi suka cinye sauran, ɗan abin da ya rage kuma ya zama wurin da ba a shiga saboda tsoro. Bakan ya koma jikin bango. Amma duk damina in ta wuce sai ya sauko da shi ya shafa masa mai.

Yana da wata al'ada da ya gada wurin nasa mahaifin, yana kiranta kason hanya. Duk ranar da ya yi sa'a, kafin ya iso gida sai ya cire hannun dabbar guda, ya ba mutumin farko da ya gamu da shi a hanya, ko ya san shi ko bai san shi ba. Ba ya karɓar godiya. Abin da yake nema kawai mutum ya ce, Allah ya jiƙan mahaifinka. Ya ce shi ke nan, an biya shi.

Da na gaya masa a waya cewa a nan barewa har bakin titi take fitowa, manya, masu farar wutsiya, sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Uwale, in kin gane ta ki gaishe ta. Ki ce mata Mamman ya tsuhwa, ta kwana lahiya."

Wata rana da hantsi ina yanka albasa wayata ta yi ƙara. Yaya Sani ne, wanda ke ɗinki a kasuwar Bodinga. Ba ya kira a irin wannan lokaci. Bayansa ban ji ƙarar keken ɗinki ba, sai muryoyin maza ƙasa-ƙasa.

"Uwale, kina zaune?"

"Ina tsaye, Yaya."

"To sai haƙuri. Baba ya cika. Yanzun ga munka dawo daga rufe shi."

Na ce zan taho. Ya ce kada in soma. Bizata ta shiga ɗaya ce, ya sani, na sani. "In kinka fito ba su barin ki komawa. Shi kuwa gonatai ta fadama yas saida don karatun ga. Zauna ki yi mai addu'a, tana isa ko daga ina."

Na ajiye wayar, na ci gaba da yanka albasar, don ban san abin da ake yi ba in ba a tare da mutane. A gida in an yi mutuwa ba a barin mutum ya tsaya da ƙafarsa. Mata za su cika ɗaki, wata ta riƙe ka, wata ta fara kuka ta buɗe maka hanya. A nan injin wanke kwanuka yana ta aikinsa. Hawaye bai zo ba a ranar, bai zo ba washegari, bai zo ba a makonnin da suka biyo.

Da arba'in ta matso, Inna, mahaifiyata, ta gaya mini za su yi masa da gumba a raba. Ta ce, "Ke ma ki ba da ko mi kinka samu, ɗiyata. Ke ce uwatai. Taki ta fi isa gare shi."

Na jiƙa shinkafa, na niƙa a injin markaɗe, na soya masa a kaskon da ba nata ba, ta fito a baje. Na rasa wanda zan ba. A garin nan ba mai zama a ƙofar gida, ba mai sallama, kowa daga mota sai ɗaki. Na zuba a faranti na rufe, na ajiye a ƙofar matar da ke sama da ni, mai jan takalmi. Kwana biyu farantin yana nan. A rana ta uku na tarar da shi a ƙofata, ba a ko buɗe ba. Ban ga laifinta ba. Ba ta san ni ba, ba ta san abin da ke ciki ba. Amma na zauna a kan matakala da farantin a cinyata ina tunanin Baba, mutumin da ya yi rayuwarsa yana miƙa wa baƙi nama, yau 'yarsa ta rasa hannun da zai karɓi sadakarsa.

Linda ce ta matsa mini har na gaya mata. Ta saurara tana goge tebur har na kai kan baka da kwari. Sai ta tsaya.

"Da baka yake harbi? Ƙarshen makon nan za mu daji, ni da mijina Tom da danginsa. Duk shekara muke zuwa in lokacin harbin barewa da baka ya kama. Ki shirya, da ke za mu. Ba zan bar ki a ramin nan ke kaɗai ba."

Dajin na gwamnati ne, kowa na iya shiga ya kafa tanti, mai son harbi kuma ya yanki lasisi. Mun yi tafiya mai nisa a kan kwalta, sannan muka sauka kan turɓaya mai rairayi da ta tuna mini hanyar Kajiji, sai dai babu babura. Ban taɓa ganin itatuwa haka ba. Lokacin sanyi ya kusa, ganye ya koma ja da ruwan ɗorawa, yana zubowa a hankali ba iska, kamar dajin yana tuɓe kayan biki. Na riƙa cewa a zuciyata, Baba, dubi. Sai in tuna.

Mu shida ne, da tantuna uku. Tom dogo ne siriri, ya manyanta, ba ya son magana. Ƙanensa Karl shi ne bakin zangon, tun da aka gaya masa abin da nake karantawa ya raɗa mini Farfesa. Sauran biyun 'ya'yan Karl ne, magidanta, kullum suna gefe suna gyaran kaya. Bakunansu na zamani ne, masu ƙananan tayoyi a kowane baki da madubin saiti, kamar injina. Na Tom kaɗai ne na itace zalla, ya yi baƙi a wurin riƙo.

"Farfesa, kin ga bakan nan?" in ji Karl. "Ya girme ki. Ya girmi auren Linda ma. Shekarar da ta wuce barewa ta tsaya tana kallon sa yana ja, har ta gaji ta tafi kiwo."

"Kai kuma da naka injin me ka kawo?" in ji Linda.

"Mura."

Tom ya miƙo mini bakan. Na shafa shi, na kai hanci, sai na ji ƙamshin mai. Na mayar masa da sauri na tafi ɗebo itace.

Da yamma muna cin abinci a bakin wuta, su nama, ni dankali da wake, Tom ya yi mini tambayarsa ta farko. Ya ce Linda ta gaya masa babana maharbi ne, me yake yi in ya kashe? Na ba su labarin kason hanya. Karl ya buɗe baki zai yi wasa, ya dubi fuskata, ya mayar da shi. Tom ya jima yana juya itace a wuta.

"In na samu gobe, taki ce," ya ce. "Ki yi wa babanki abin da yake yi."

Na yi godiya, na ce amma akwai matsala. Ba zan iya ba da sadakar abin da ni kaina ba zan ci ba. Sai in an iske ta da sauran rai, Musulmi ya yanka da sunan Allah.

"Musulmi nawa ne a dajin nan?" in ji Karl.

"Ni kaɗai."

"To ai shi ke nan."

Ba shi ke nan ba ne, amma ban san yadda zan fahimtar da su ba. A Islamiyya malaminmu ya ce yankan mace ya halatta. Amma a gidanmu ban taɓa ganin macen da ta yanka ko da kaza ba. In ba namiji a gida, Inna takan leƙa ƙofa ta tsayar da mai wucewa, ko a haƙura da miya ba nama. Ni da ko jini ba na iya kallo. Na kwanta a tanti ina roƙon Allah ya ba Tom sa'a, rabin zuciyata kuma tana roƙon kada ya samu.

Da asuba suka watsu. Kowa yana da itacen da ya ɗaura wa 'yar kujera can sama, inda zai zauna ya yi kwanto. Tom ba ya iya hawa yanzu, a ƙasa yake zama bayan wani kututture. Ni da Linda muka zauna a zango. Na yi salla a kan ganye, sanyi yana cizon goshina.

Rana ta ɗaga sosai sai ga Tom, kibiya ɗaya ta ragu a kwarinsa, fuskarsa ba daɗi.

"Na same ta, amma ban same ta daidai ba. Ta motsa, ko hannuna ne ya motsa. Kibiyar ta yi baya da yawa."

Na miƙe na ce mu bi ta. Ya girgiza kai. Ya ce in aka bi ta yanzu za ta yi ta gudu har ta ɓace, ta mutu inda ba mai ganin ta. A bar ta ta sami wuri ta kwanta tukuna. "Kuma wajen ruwa za ta nufa. Mai rauni ruwa take nema."

Kalmomin Baba ne, kusan a jere yadda yake faɗar su. Bai taɓa fita ƙasar Sakkwato ba, wannan kuwa bai san akwai wani gari Kajiji ba, amma dabba ɗaya ta koya musu karatu ɗaya.

Jiran ya yi mini tsawo. Ina tunanin tana can kwance da ciwo saboda ni, in kuma mun daɗe za mu iske ta ta cika. Ban iske Baba ba. Ban san yadda zan yi ba in ita ma ban iske ta ba.

Bayan azahar muka shiga dukanmu. Neman jini a kan jan ganye aiki ne na durƙuso. Wani wuri ɗigo ne kamar ƙwayar gero, wani wuri ba komai, sai mu bazu muna rarrafe har wani ya ce ga shi. Duk inda aka gani Linda takan maƙala 'yar farar takarda a reshe, in ka waiwaya sai ka ga layin fararen abubuwa yana bin ka cikin daji. Karl ya daina wasa. Sau ɗaya sawun ya ɓace mana gaba ɗaya, ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya ce wataƙila raunin bai kai ba, ta warke ta tafi.

"Ba na barin dabba da kibiyata a jikinta," in ji Tom. "Wanda ya gaji ya koma."

Ba wanda ya koma. Ƙasa ta fara gangara, ta yi laushi, takalmina na nitsewa. Na ji ƙarar ruwa kafin in gan shi.

Tana kwance a gefen rafi, ƙarƙashin wani itace mai duhun ganye, ƙafafunta a naɗe. Ta ɗaga kai ta dube mu, ta yi yunƙurin tashi, bayanta ya ƙi. Idonta baƙi ne, babba, ba fushi a ciki. Numfashinta yana fita kamar hayaƙi.

Tom ya zare wuƙa daga ƙugunsa, ya riƙe ta ta wajen kaifin, ya miƙo mini ƙotar.

"In ba za ki iya ba, ki faɗa yanzu, in ƙarasa ta. Ba za mu bar ta tana wahala ba."

Na karɓa. Na dubi rana na gane gabas. Tom da Karl suka zagaya ta baya, suka danne ta a hankali, suka riƙe ƙafafun don kada ta yi harbi, suka juya ta inda na nuna. Na durƙusa a laka. Na ɗora hannun hagu a wuyanta, ɗumi ne, jijiya na bugawa a tafina. Sai na tuna ina da saƙo.

"Mamman yana gaishe ki," na ce mata da Hausa. "Ya ce ki kwana lafiya."

Na yi bisimilla na yi kabbara, na ja wuƙar da ƙarfi yadda na sha ganin Baba yana yi ranar layya, don ya ce tausayi a nan shi ne sauri. Jinin ya zubo a hannuna da zafinsa. Ta yi shure-shure kaɗan, ta lafa.

A nan kukan ya zo. Ba irin na waƙa ba ne, mummuna ne, mai sauti, kamar ana fizgo shi daga cikina. Na kira Baba, na kira Inna, na faɗi abubuwan da ban tuna ba. Mazan suka juya baya suna kallon rafi. Linda ta durƙusa cikin lakar nan da tsofaffin gwiwoyinta ta riƙe ni, ba ta ce in yi shiru ba. Mace ɗaya ce, amma ta cika ɗakin.

Tom ya ɗaura takardar shaidar lasisinsa a jikin barewar kamar yadda dokarsu ta ce, aka ja ta zuwa zango, aka feɗe. Da kansa ya cire hannun dama, ya naɗe a farar takarda mai kauri, ya ɗora mini a hannu biyu.

Washegari muka naɗe tantuna. Ni da Linda da Tom muna motar gaba, kason yana cinyata. Na ce duk wanda muka fara gani a tsaya. Mun daɗe ba kowa, sai itatuwa. Can inda turɓaya ta kusa haɗuwa da kwalta muka ga wani mutum da kare, yana tafe a gefen hanya. Tom ya tsaya. Na sauka, na gyara mayafina, na gaishe shi, na miƙa masa da hannu biyu. Na ce naman barewa ne, kyauta, saboda mahaifina da ya rasu.

Ya ja da baya. Ya dubi mayafina, ya dubi ƙunshin da jini ya ɗan ɓullo ta gefe, ya dubi motar.

"A'a, na gode. Ba na bukata."

Na ce ba sayarwa nake ba. Ya ce ya gane, ya yi mini ta'aziyya a gajarce, ya ja karensa da ke ta shinshina, ya ƙara sauri.

Na tsaya a tsakiyar hanya da nama a hannu. Baba bai taɓa gaya mini abin da ake yi in an ƙi karɓa ba, don a wajenmu ba a taɓa ƙi ba. Na koma mota na zauna. Na ce a raina, shi ke nan, barewa ta mutu, na yi abin da mata ba su yi, sadakar kuma ta dawo mini kamar farantin masa.

Tom ya tuƙa kaɗan, ya sake tsayawa, ya kashe mota. Ya cire hularsa ta farauta ya ajiye a kujera, ya fita. Muka bi shi da kallo yana tafiya gaba a kan hanya, da ɗan ɗingishinsa, har ya sha kwana itatuwa suka rufe shi.

"Ina za shi?" na tambayi Linda.

Tana share ido da bayan hannu. "Sauka, Ruki. Ina jin wani yana tahowa."

Na sauka. Sai ga shi ya ɓullo daga kwanar, hannuwansa a aljihu, yana kallon sama kamar mai yawon shan iska. Da ya iso kusa ya tsaya.

"Barka da rana, 'yan mata. Wucewa nake yi. Daga farauta?"

"Daga farauta," na ce. "Ga kason hanya."

Ya fitar da hannu biyu ya karɓa, kamar bai taɓa ganin ƙunshin da shi ya naɗe ba. "Me ake cewa?"

Na faɗa masa a hankali, kalma kalma. Ya maimaita, harshensa na tuntuɓe, ya sake, har ta fito yadda za a gane.

"Allah ya jiƙan Mamman."

Na ce amin. Daga motar baya na ji Karl ma ya ce amin, irin tasu.

Da muka fito inda waya ke kamawa na kira gida. Yaya Sani yana Kajiji, ya kai wa Inna wayar. Na gaya mata na ba da sadaka, hannun barewa.

"Barewa? Wa ya yanka miki?"

"Ni na yanka, Inna. Ba wani Musulmi wurin."

Ta sake jefo mini tambaya.

"Wuƙar na da kaihi?"

"Tana da shi."

"To. Wa kinka ba?"

Na so in ce wani tsoho ne na gamu da shi a hanya, in tsaya nan. Amma na gaya mata duka, da mai karen da ya ƙi, da yadda wanda ya harbi barewar ya sauka ya zagayo ya zama baƙo. Na ce ban sani ba ko hakan ya karɓu.

Sai na ji wani sauti, ban gane dariya ce ko kuka ba.

"Uwale, ke kina tsammani kullum babanki na gamuwa da mutum? Ran da hanya ta zan ba kowa, tsayawa shi kai bayan gari shi ƙi shigowa. Ni ka fita ta bayan danga in zagayo, in tarbe shi awa ban san shi ba. Shi miƙo min, in yi ma ubanai addu'a, mu taho gida kowa da tashi hanya." Ta ja numfashi. "Yanzu ko na zagaya, ba mai tahowa."

Ita tana tsakar gidanmu, ni ina gefen kwalta, motoci na wucewa. Can ta ce in je in dafa sauran in ci, ta ji a muryata na rame.